Gurguwar Unguwar La Marina

In kana son Evaristo Quiala ya daina gaishe ka, to ka kira shi mabushin ƙaho kawai ka yi shiru. Shi a wurinsa magajin Alton Prewitt ne, wani gwanin busa ƙaho baƙar fatar Amurka da ya rasu tun tuni, wanda ko a mafarki bai taɓa jin sunan garinsu Evaristo, Matanzas, ba.

Faifan Alton guda ɗaya tak ya taɓa shigowa unguwar La Marina. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya bar wa uban Evaristo, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, kafin a rufe hanya tsakanin ƙasarsu da Amurka. A gindin garmaho Evaristo ya tashi. Ya haddace faifan nan kaf, har wuraren da Alton ke jan numfashi. Da ya kawo ƙarfi sai ya tara abokai suka kafa ƙungiya mai suna 'Ya'yan Alton, ba sa kiɗan kowa sai nasa. Yau ga shi furfura ta cinye kai, haƙora sun fara sallama, amma kowace Lahadi da yamma suna nan a tsakar gidansa, tsofaffin unguwa na cashewa da fararen takalma.

Doka ɗaya ce a gidan: jaz zalla, wato kiɗan Amurka irin na Alton. Gangar konga ko ƙofa ba ta tsallakewa. Wannan doka kuwa saboda mutum ɗaya aka kafa ta, Nicomedes, ƙanin matarsa Onelia, makaɗin konga mai bakin tsiya.

"Mijin yaya," in ji shi kullum, yana tauna soyayyar ayabar da ba a ba shi ba, "kai fa ɗan La Marina ne. Ko ka sa kwat goma, jininka rumba, kiɗanmu na gado, yake kaɗawa."

"Rufe mana baki. Ku kiɗanku na ƙugu ne, namu na kai."

"To me ya sa nake ganin ƙugun yayata yana motsi?"

Cikin waƙoƙin faifan akwai wadda unguwa ta fi ƙauna. Danshi ya cinye takardar da ke ɗauke da sunanta, sai mutane suka raɗa mata Gurguwa, domin tana cikin gudu, tana tsakiyar daɗi, sai ta yi tuntuɓe, ta tsallake taku, ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Masu rawa har salo suka ƙirƙira wa wurin. Da an iso, kowa ya ɗaga ƙafar hagu, a haɗa baki a ce, "Epa!" Evaristo kuwa in ya fara bayani a kan wannan tsalle sai kofinka ya huce. Nan ne, a cewarsa, Alton ya nuna wa duniya shi ba sa'an kowa ba ne. Waye zai yi tunanin yanke waƙa a tsakiya in ba gwani ba?

Ana nan sai labari ya zo cewa cikin wasu baƙi daga Amurka akwai wata tsohuwa, Odessa Tillman, kuma ita ce ta kaɗa piyano a wannan faifan tana budurwa. An ba ta labarin 'Ya'yan Alton, ta ce lallai sai ta zo ta ji.

Evaristo ya rasa inda zai sa kansa. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma bai ɓoye wa Onelia ba: matar nan ta buɗe baki a gaban unguwa, a gaban Nicomedes musamman, ta ce busarsa da ta Alton ba bambanci. Bai tara dukiya ba, bai taɓa fita ƙasar ba, 'ya'yansa ma kiɗan zamani suke ji mai kama da ana fasa tukwane. In ta faɗi haka, to rayuwarsa ba ta tafi a banza ba.

"In kuma ba ta faɗa ba?" in ji Onelia tana tsince baƙin wake.

"Haba, tsohuwa. Ai tana da kunne."

Ranar Lahadi tsakar gida ya cika ya batse, har kan katanga. Aka shigo da baƙuwa, 'yar mitsitsiya da sanda, idanu kamar na yarinya mai shirin ɓarna. Tana jin Sifaniyanci, irin wanda ta tsinta wurin maƙwabta a New York, a karkace amma yana kai saƙo. Onelia ta ɗora mata shinkafa da wake da gasasshen alade kamar za ta ciyar da 'yan dako uku.

Aka fara. Waƙa ta farko, Odessa ta karkata kai. Ta biyu, ta ajiye cokali. Evaristo yana satar kallonta ta gefen ƙaho, ya ce a ransa, yauwa, abin ya fara shigarta. Sai ya ɗaga hannu aka saki Gurguwa.

Kai, ranar sun yi kiɗa! Tsofaffi suka zuba a fili, siket na juyawa, takalma na walƙiya. Aka iso wurin, mai ganguna da mai piyano da mai bas, ƙatuwar garayar nan ta Turawa, da Evaristo suka tsallake tare kamar mutum ɗaya, unguwa duka ta ɗaga ƙafar hagu.

"Epa!"

Odessa ta ƙyalƙyale da dariya. Ba 'yar dariyar baƙunta ba, a'a, irin wadda ke sa mutum dukan cinya. Har aka gama waƙar tana share hawaye.

Evaristo ya matso, ya rusuna. "Señora, kin gane ta?"

"Da ƙyar, Maestro, sarkin kiɗa. Wa ya biyo ku kuke gudu haka? Kuma mene ne wancan, inda kowa ya yi kamar ya taka ƙusa?"

"Tsallen Alton ke nan."

"Alton? Mutumin da ko kwata ba ya tsallakewa sai ya tsaya ya yi nazari?"

Ta laluba jaka ta fito da waya, ta daddanna, ta ɗora a kan tebur. Tsakar gida ya yi tsit. Waƙar ce, ba shakka, amma a hankali take tafiya, da nauyi, kamar masu rakiyar gawa. Ta ce ai kusan hakan ne, Alton ya tsara ta ne makon da mahaifiyarsa ta rasu. Aka iso wurin tsalle, ƙafafu da yawa suka ɗaga da kansu, amma waƙar ba ta yi tuntuɓe ba. Sai ga wata 'yar busa mai taushi da babu wanda ya taɓa ji a La Marina, ta wuce sumul. Masu ƙafa a sama suka sauke a hankali suna kallon juna.

"Wannan wayar ba ta da lafiya," in ji Evaristo. "A ɗauko garmaho."

Aka ɗauko, aka ɗauko faifan cikin tsumman da yake kwana. Odessa ta ɗaga shi ga hasken rana, ta nuna da farce. Ga shi nan, wani siririn karce kamar silin gashi, daidai inda allura ke dirowa ta haye. Nicomedes kuma, da ba a gayyace shi ba, ya ɗaga murfin garmahon ya leƙa ciki.

"Mijin yaya, wannan ba robar tayar keke ba ce?"

Ita ce. Robar asali da ke juya faifan ta tsinke tun Evaristo yana da gajeren wando, ubansa ya yanko ta keke ya ɗaura, ita kuwa ta riƙa juya faifan da sauri fiye da ƙima. Kuma duk lokacin da ta saki, Evaristo da hannunsa yake yanko sabuwa, daidai awon ta tsohon, don kada a taɓa sautin Alton.

Nicomedes ya zauna daɓas a ƙasa. "Wayyo cikina! Jaz zalla! Ashe duk shekarun nan keke kuke bi!"

Onelia ta maka masa ludayi a kafaɗa, amma ita ma leɓenta na rawa. Dariya ta kama daga bakin ƙofa har kan katanga. Evaristo kaɗai ne bai yi ba. Ya dubi baƙuwar, murya ƙasa-ƙasa.

"Señora, ki gaya mini gaskiya. Ko kaɗan ban yi kama da shi ba?"

Ta daina dariya. Ta dube shi da kyau, ta ga ba wasa a idonsa, kuma ba ta yi masa ƙarya ba.

"Ko kaɗan, Maestro."

Ya juya ya shige kicin. Kunya ce ta rufe shi, da baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar ubansa. Ya tsaya gaban tukunyar wake da ƙaho a hannu, yana jin kansa tsohon banza da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bauta wa karce.

Onelia ta biyo shi. "To, sai ka tsaya nan ka auri tukunya?"

"Ki bar ni."

"Ba zan bar ka ba. Mutane sun goge takalma sun zo. Doña Fermina da ciwon gwiwarta ta zo. Kana tsammanin don wani Alton suke zuwa? Ni da na aure ka, ka taɓa jin na tambayi hotonsa?"

Daga waje sai ya ji an taɓa piyano, taɓawa irin ta wanda ya san hannunsa. Ya leƙa. Tsohuwar ce ta kori mai piyanonsa daga kujera, ta jingine sanda, tana murza yatsu.

"Maestro!" ta ƙwala kira. "Fito mana. Na kaɗa waƙar nan sau ba adadi, mutane su yi kuka su tafi gida. Ban taɓa ganin an yi mata rawa ba. Ina so in hau keken nan kafin in mutu."

Aka sake fashewa. Onelia ta tura shi da gwiwar hannu har tsakar gida. Ya ɗaga ƙaho ba don yana so ba, ya ƙirga, aka tashi.

Tabɗi, tsohuwa ashe da sauranta! Ta kama gudun nan kamar da shi aka haife ta, tana zuba wasu 'yan kwalliya da suka sa mai bas washe baki. Masu rawa suka koma fili. Tun Evaristo yana busa da fushi har ƙahon ya fara zafi a hannunsa, ya manta da waya, ya manta da roba, ya lumshe ido. Aka tunkari wurin. Ƙungiya ta tsallake, unguwa ta ɗaga ƙafa, amma hannun Odessa ya bi tsohuwar hanyarsa, ya shiga wurin 'yar busar nan mai taushi. Kiɗa ya rikice kamar an zubar da kwanuka. Doña Fermina ta yi taga-taga sai da aka tare ta.

Evaristo ya sauke ƙaho, jijiyar wuya a tashe.

"Haba, Señora! Haba! Nan ake tsalle! Yaron goye a unguwar nan ya san nan ake tsalle. Kin zo kin ɓata mana waƙa!"

Tsit. Ko Nicomedes bai yi motsi ba. Sai a lokacin Evaristo ya ji abin da bakinsa ya faɗa, da kuma wadda ya faɗa wa.

Odessa ta ɗauke hannu daga piyano, ta ɗora a cinya kamar 'yar makaranta.

"Ka yi haƙuri, Maestro. Yau na fara jin ta. Nuna mini wurin."

Ya share bakin ƙaho da gefen riga, ya matsa kusa da piyano, ya tsaya inda za ta riƙa ganin ƙafarsa.

"Daga farko," ya ce wa ƙungiya. "Ke kuma ki sa ido. Ba na son maimaita magana."