Ginin Dutse na Bayan Layin Dogo

Malam Sylvanus yana fama da jera yaran aji biyar a gefen titin Kakuri sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a bayansa. Madam Judith ce, shugabar makaranta, riƙe da lema.

"Zan bi ku in ga wannan darasin tarihin naka na yawo," in ji ta.

Shekarar 1984 ce, soja suna ta sallamar ma'aikata, kuma Madam ta faɗa a taron malamai cewa duk wanda ta samu yana shan giya, da ƙafarta za ta kai sunansa ofishin ilimi. Mace ce da ko maganin tari sai ta shinshina kafin ta sha. Shi kuwa Malam yana da mata da 'ya'ya huɗu, ga wata ƙishirwa da ke taso masa kullum da yamma.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya nuna wa yara masaƙa, ya ba su labarin yadda audugar ƙauye ke zama atamfa. Ya nuna musu gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Madam har da gyaɗa kai. Daɗin haka ne ya ɗebe shi ya yi tambayar da ba ta cikin shirinsa.

"To, wane gini ne ya fi tsufa a unguwar nan?"

Wata yarinya mai suna Nkechi ta ɗaga hannu. "Na dutsen can, Malam, bayan layin dogo."

"Akwai macizai a can," Malam ya ce da sauri.

"Muna da Allah," in ji Madam. "Mu je."

Ginin dutsen nan kuwa gidan burkutun Mama Celina ne, inda Malam ke sauke gajiya tun yana saurayi. Da yake hantsi ne, mashaya ba su zo ba, sai tukwane ke tafasa a baya. Mama Celina ta fito tana goge hannu, ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ga idonsa yana roƙo, ta ga lema da mai lema. Tsohuwar ba ta da saurin ruɗewa.

"Sannunku da zuwa, baƙi. Wannan bawan Allah fa, daga wane gari?"

Karen gidan ne bai samu labari ba. Ya yi wa Madam haushi, sannan ya zo ya kwanta a kan ƙafar Malam yana kaɗa wutsiya.

"Haka yake, son baƙi gare shi," in ji Mama Celina.

Warin tsami ya riga ya gaya wa Madam inda take. Ta toshe hanci ta ce Malam ya yi bayaninsa maza su fita. Amma mutum ba ya iya gajarta labarin abin da yake ƙauna. Malam ya shafa bango, ya ce Turawa ne suka gina shi don ajiye ƙarafan layin dogo, leburori suka fasa duwatsun da hannu. Ya ce saboda kaurin bangon, ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi ƙalau. Da damina kuma kusurwa ɗaya ce kawai ke yoyo.

"Ishaku, tashi daga bencin nan, ƙafarsa ɗaya gajera ce," Malam ya ce wa wani yaro.

"Ina ka san duk wannan?" Madam ta tambaya.

"Bincike, Madam."

"Kai, malamin nan akwai ilimi," in ji Mama Celina. "Daga shigowa."

Madam ta sauke hannu daga hanci. Ta zagaya ɗakin, ta dubi rufi, ta ƙwanƙwasa bango. Tun da iska ta yaye kwanon aji biyar, a gindin mangwaro ake karatu.

"Ginin na wane ne?"

"Na gwamnati ne, ranki ya daɗe. Aro aka ba ni."

"Gini mai tarihi irin wannan a bar shi ga mashaya? Gobe zan je ofis in nema wa makaranta. Ajinka zai fara shiga, Malam. Yaya ka gani?"

Malam ya tuna bakuna biyar da ke jiransa a gida, ya ƙi kallon inda tsohuwar take.

"Shawara ce mai kyau, Madam."

Mama Celina ta shiga ciki, inda kowane tsohon mashayi ke da ƙoƙonsa rataye a ƙusa, ta fito da ɗaya cike har baki, ta ɗora a tafin Malam.

"Sylva, ga ƙoƙonka. Shekara da shekaru ina ba ka inuwa, yau ka zo ka tashe ni da tarihi. Sha na ƙarshe."

Malam ya dubi Madam, ya ga babu sauran abin da zai ceto a fuskarta. Kunya ta kama shi, amma ta tsohuwar ta fi ta Madam ciwo. Ya gyara murya.

"Yara, kowa ya juya ya dubi bango. Ku lura da yadda aka jera duwatsun."

Suka juya gaba ɗaya. Malam ya kai ƙoƙon baki.