Mai Tafiya da Mai Jira

Ranar da za a kai mijina Arnfinn gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren ruwa, sau biyu na dafa gahawa, domin ta farko na manta da ita a kan wuta. Shekara uku ina ɗaga shi ina kwantarwa, ina bin sa bakin teku idan ya fice da silifa yana neman jirgin da muka sayar tun tuni. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ga kuma alkawarin da na yi masa tun yana cikin hayyacinsa, cewa a gidanmu zai ƙare kwanansa. An ce alkawari kaya ne, ni kuwa ƙashin bayana ya ƙi ɗauka.

'Yarmu Solfrid ta iso a jirgin fito na ƙarfe takwas, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Mama, kin haɗa masa kayan?"

"Ga akwati can bakin ƙofa. Amma ban ce zai tafi ba."

"Haba Mama, ai mun gama wannan maganar."

"Ke kika gama. Zauna, ba a ja takarda ba tukuna."

Ta zauna tana duban agogo. Na ture burodi da cuku gefe, na jawo kwanon da muka gada wurin uwar Arnfinn, cike da 'yan takardu, kowace da lambar aya a jikinta. Mutum ya rufe ido ya ja ɗaya, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ga abin da Ubangiji ya ajiye masa ran nan. Haka ake yi a kowane gida na masu zuwa ɗakin addu'a a tsibirinmu, ban da gidanmu. Duk lokacin da Arnfinn zai tafi kamun kifi arewa, sai ya ja, ya dubi lambar, ya ce ya san wannan da ka. Sa'an nan ya ce, "Ubangiji ya ce ki kwantar da hankalinki, Gunnvor, shi ke tsaron mai tafiya da mai jira."

Shekara arba'in, kowace takarda abin da take faɗa ke nan. Sau ɗaya, ina da cikin Solfrid, na bari ya fita na duba ayar da kaina. Gargaɗi ne ga masu gunaguni. Na yi dariya har da hawaye, ban kuma taɓa gaya masa ba.

Yau kam so nake a buɗe Littafin. So nake a gaya mini ƙarara ko in sake shi ko in riƙe, don kada laifin ya zama nawa ni kaɗai.

Na kama hannunsa na sa a kwanon. Ya jawo ɗaya, ya riƙe ta a juye, ya dube ni da ladabin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, ke ce mai gidan nan?"

"Ni ce, tsoho. Ba ni takardar a duba."

Bai ba ni ba, idonsa ya riga ya faɗa kan akwatin. Ya gyara zama, na ga kafaɗunsa sun miƙe yadda ban gani ba tun bara.

"Ashe yau za mu tashi. To wa zai gaya wa Gunnvor? Matata ce. Baki gare ta, amma idan na tafi ba ta cin abinci."

Solfrid ta miƙa hannu za ta ɗauko Littafin, na dafe shi.

"Ka faɗa mini, zan isar mata," na ce.

Ya dubi takardar. "Wannan na san ta da ka. Ubangiji ya ce..." Sai ya tsaya. Leɓɓansa suna motsi, maganar ta ɓace masa. Ya dube ni a tsorace.

"Ta kwantar da hankalinta," na ce. "Shi ke tsaron mai tafiya da mai jira."

"Yauwa. Ashe kin santa."

"Na daɗe da saninta."

A nan kunya ta kama ni. Shekara arba'in yana cikin ruwan da ya ci maƙwabtanmu uku, ba ni na tsare shi ba, ina nan ina wanke kwanuka. Wanda ya dawo mini da shi duk shekarun nan ba zai kasa ƙetara ruwa zuwa wancan gida ba.

Na mayar da takardar cikin kwano ban karanta lambar ba. Na sa masa rigar ruwansa, na ɗaura masa maɓallin wuya, Solfrid ta ɗauki akwatin. Ta ce in zo mu raka shi, na ce gobe zan je, ban taɓa raka shi bakin jirgi ba.

Na tsaya a ƙofa, inda na saba tsayawa. Da suka kai kwanar hanya ya juyo ya ɗaga mini hannu.

"Ki ce mata ta ci abinci."