Ruwan Kwaɓin Dogo

Gidan burodin nan shi ne wurin aiki na huɗu da Dogo ya shiga cikin shekara guda. Inna ta riga ta faɗa masa cewa in ya bar wannan ma, sai ya tattara ya koma gonar kawunsa. Shi kuwa ko a mafarki ba ya son ganin fartanya.

Wata biyu yana wanke gwangwanayen gasa burodi. Ranar da ciwon baya ya kwantar da tsohon mai kwaɓi, Maigida, mai gidan burodin, ya ce gobe kwaɓi na hannun Dogo. In burodin da ake kai wa asibiti ya fita kafin sha biyu, aikin ya zama nasa.

Da yamma ya tarar da ƙanwarsa Auta a tsakar gida, ta baje littattafai a tabarma. A jami'a take, tana karanta kimiyyar sinadarai, ɓangaren da ke auna zafi da saurin aiki. Malaminsu da abubuwa masu rai yake koya musu, jini da ƙwai da yis. Jarrabawa ta matso, don haka duk wanda ya gifta sai ta mai da shi ɗalibi. Ta ce masa yis ɗin da yake gani kamar gari yana da rai, sukari yake ci ya fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓi. Dogo ya ce to ashe gyatsar wani abu suke sayar wa mutane. Ta harare shi, ta ci gaba: duk ƙarin zafi na digiri goma, aikin yakan kusa ninka sauri.

"Amma fa, Yaya, akwai iyaka..."

Bai ji ƙarshen ba. Abokinsa ya danna hon a waje, ya zura takalmi ya fice. Haka ya yi wa makaranta ma.

Washegari motar fulawa ba ta zo ba sai takwas. Dogo ya dubi agogon bango, ya tuna maganar Auta. In goma ta ninka, ashirin ta ninka biyu ke nan, talatin kuwa ai sai dai kwaɓi ya riga shi zuwa asibiti. Ya ɗora ruwa har ya fara tururi, ya juye kan yis da fulawa, ya kunna inji, ya rufe kwaɓin da zane.

Bayan rabin sa'a ya ɗaga zanen. Kwaɓi na kwance kamar jiƙaƙƙiyar katifa. Ya matsar da shi kusa da tanda, ya koma ya dawo. Ko motsi. Ya danna yatsa, ramin ya tsaya yana kallonsa.

Ya kira Auta a waya daga bayan buhuna, ya ce karatunta ƙarya ne. Ta tambayi irin ruwan da ya zuba. Da ya faɗa, ta ce:

"Yaya, ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya ƙyanƙyashe?"

Ya ce ina ruwan ƙwai da burodi. Ta ce cikin yis akwai wasu ƙananan ma'aikata, zafi na zaburar da su, amma in ya wuce kima sai su dahu. Kansa ya ƙara ɗaurewa. Abu guda ya zama taki, ya kuma zama guba? Ya ce ta nuna masa iyakar. Ta ce kada ya wuce digiri arba'in. Ya dubi ɗakin: sikeli, tsintsiya, gwangwanaye. Ba abin auna zafi.

A haka Maigida ya shigo. Ya taɓa kwaɓin, ya dubi tukunya, bai tambayi komai ba. Ya sirka ruwa a bokiti, ya kama hannun Dogo ya tsoma gwiwar hannunsa ciki.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Maigida."

"To shi ne. In ka ji shi, ya yi yawa."

Suka sake kwaɓi. Burodin ya isa asibiti ƙarfe ɗaya da rabi, Maigida ya sha faɗa a waya. Da ya ajiye, ya ce aikin kwaɓi sai wani watan, in Dogo ya koyi tsayawa a gama magana. Gwangwanaye dai suna nan suna jiransa. Bai kore shi ba.

Da yamma Dogo ya zauna a bakin tabarmar Auta, ya cire takalmi, ya ce ta ƙarasa. Ta buɗe shafi na gaba, ta ce gishiri ma yana janye ruwa daga jikin yis. Ya tuna gishirin da yake gani ana zubawa a kwaɓi kullum, ya dafe kai. Abokinsa ya danna hon sau uku a waje.

"Koma daga farko," in ji Dogo.