Faifai a Kan Daro

Mai unguwa ya ba Hajo wa'adi zuwa Juma'a: ko ta san yadda za ta yi da ruwan rininta, ko ta daina rini a gidan. Ruwan ne ke bin kwata ya gangara lambun maƙwabcinta Mark, har alayyahonsa ya ƙone. Mark ba mai neman rigima ba ne, amma da lambun yake ciyar da iyali. Ita kuma da rinin shadda ta rufa wa kanta asiri shekara ashirin.

Ɗiyarta Fiddausi, mai karatun sinadarai a jami'a, ta taho Malumfashi da wani farin gari cikin kwalba, tana ji da shi kamar jariri. Wata uku ta yi tana haɗa shi: ta dafa ganyen bedi, ta tace, ta zuba gishirin zinki, ta gasa abin da ya kwanta. Ƙwayoyinsa ƙanana ne har ido ba ya iya ware guda. In aka barbaɗa shi a ruwan rini, rana ta buge shi, sai ya cinye launin.

Ran Talata ta zuba garin a daron ruwan rini a tsakar gida, ta wuce Funtuwa aron na'urar awo. Ta dawo da magariba, ruwa na nan shuɗi yadda ta bar shi. Laraba ma ta sake komawa, ba na'ura, ba sauyi. Ta shige ɗaki ta yi kuka, don kunyar da uwarta za ta sha ta fi komai ci mata rai.

Ran Alhamis ba ta je ko'ina ba. Ta sake zubawa dai don kada a ce ba ta yi ba. Tana zaune jugum sai ga Hajo da faifai, ta rufe daron tsaf.

"Inna, me kike yi?"

"Mi nike yi kuwa? A ina kika taɓa ganin an bar magani buɗe cikin rana? Kullum sai na ruhe miki shi. Da marece nike ɗauke faifaina, sabo da tuwo."

Fiddausi ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "Inna, ai ranar ce ke aikin."

"Ashe shi ya sa nike shanya shadda a inuwa," ta ce, ta janye faifan da kanta.

Kafin la'asar shuɗin ya dushe, har ana hango gindin daro. Hajo ta leƙa ta katanga ta kira Mark. Ya zo ya duƙa, ya daɗe yana kallo. Fiddausi ta gaya masa gaskiya, sai an auna an kuma gwada a kan fangali guda tukuna.

"Ki zaɓi wanda kike so," in ji shi. "Hajiya, mai unguwa kuma ki bar ni da shi. Ni na kai ƙara, ni zan je in janye."