An Goge Wannan Saƙo

Mutanen hukumar kula da gasar kasuwanci ba sa aiko da sallama. Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata suka shigo, su biyar daga Ankara, kowa da kati a wuya, Nevra ko rabin simit ɗinta, burodin nan mai riɗi, ba ta ci ba. Shugabarsu, wata siririya mai suna Sermin Hanim, ta karanta takardar izini a tsakiyar ofis, sannan ta faɗi abin da kowa a sana'ar ya riga ya sani: daga wannan minti ba a goge komai. Ko gaisuwar Juma'a ce daga gwaggonka, in ka goge ka hana bincike, kuma tarar wannan daban take da ta laifin da aka zo nema.

Nevra ta koma ofishinta ta kasa zama. Ta je taga, ta kalli jiragen ruwan Kadikoy, ta dawo, ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana tare da Feridun Bey, mai kamfanin. A wani ɗaki saman gidan burodi suka fara rubuta manhajar kantunan magani, su uku da kwamfuta biyu. Yau cikin kowane kantuna goma a ƙasar, tara da ita suke sayarwa, da ita suke odar kaya daga dillalai. To sai ga wasu samari a Eskishehir sun fito da tasu mai araha, kantuna suka fara sulalewa. Jiya da hantsi Feridun Bey ya turo mata saƙo: duk kantin da ya saka ta samarin nan, a toshe masa hanyar dillalai, in ya kira a ce matsalar na'ura ce. Ta toshe kuwa, da hannunta. Kafin la'asar tsoho Hikmet, mai kantin unguwarsu, wanda tun tana ƙarama yake ba ta alewa, ya kira ta, ashe shi ma ya saka ta samarin.

"'Yata, allurar masu ciwon suga ta ƙare min, oda ta ƙi tafiya. Ko za ki duba min?"

Ta ce masa matsalar na'ura ce. Kunyar wannan magana ba ta sake ta ba har yanzu.

Feridun Bey ya turo ƙofa, kofin shayi a hannu, yana murmushin da yake yi wa ma'aikatan banki.

"Ƙanwata, wayar nan taki ba ta tsufa ba? Irin waɗannan ai abubuwa kan ɓace a cikinsu."

"Yaya, ba ka ji abin da matar ta ce ba?"

"Na ji. Ita ina take lokacin da muke kwana da yunwa a saman gidan burodi? Wa ya ba mu ko kurush ɗaya? Mun haƙa rijiya da farcenmu, yau an ce dole mu ara wa maƙwabci guga, mu kuma riƙe masa igiya. Da mun faɗi da ba wanda zai zo daga Ankara ya yi mana jaje. Laifinmu ɗaya, mun iya aiki."

"Kawu Hikmet fa? Shi ma rijiyar ya zo sata?"

"Hikmet ya dawo gida mana, wa ya kore shi?" Ya kurɓi shayi. "Mutum ɗari huɗu ke cin abinci a ginin nan, Nevra. Ki tuna da su."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ta san haka. Ba sata suka yi suka kai nan ba. Amma rijiyar da gari duka ke sha, in mai ita ya ɗora mata murfi don ya ji haushin mutum ɗaya, ba shi kaɗai zai kwana da ƙishi ba. Ta buɗe saƙon, ta ɗora yatsa a kai, ta ɗauke. Ta karanta shi ya kai sau arba'in. A ƙarshe ta sama wa kanta wata dabara ta matsorata, ta kuma san ta matsorata ce: ba za ta goge ba, ba za ta ce uffan ba. A bar waya ta faɗa da bakinta. Gobe in Feridun Bey ya dube ta, sai ta ce ƙwacewa aka yi.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci Sermin Hanim ta shigo, ta zauna, ta ƙi shayin da aka kawo mata.

"Nevra Hanim, wayarki, in ba damuwa. Hirarki da mai kamfanin nake son gani."

Nevra ta buɗe ta ajiye a tebur tsakaninsu. Kansu biyu na sunkuye a kai, Sermin Hanim ba ta kai ga saƙon ƙarshe ba, sai rubutun ya ɓace. A gurbinsa wasu 'yan kalmomi masu toka-toka suka fito: an goge wannan saƙo.

Feridun Bey, mutumin da ya koya wa ƙasa guda amfani da kwamfuta, ya tsaya a baranda ya danna "goge wa kowa", ya manta abin yana barin sawu. Garin neman gira ya rasa ido.

Sermin Hanim ta dubi agogonta, ta rubuta lokacin, ba ta ko ɗaga gira ba.

"Wannan na gani da idona, ba ruwanki a ciki. Amma abin da aka rubuta ban kai ga karantawa ba." Ta juya takarda. "Kin tuna?"

Ta cikin gilashi Nevra ta hango Feridun Bey tsaye a baranda, waya a hannu, yana gyaɗa mata kai kamar wanda ya sauke mata kaya. Bai san ya ɗora mata ba ne. Saƙon nan yanzu babu shi ko'ina a duniya sai a kanta. In ta ce ta manta, ba mai ƙaryata ta, kuma odar Hikmet za ta kwana a toshe.

Ta ja kujerar da tun safe ta kasa zama a kai, ta zauna.

"Layi biyu ne," ta ce. "Rubuta, zan faɗa a hankali."