Kwalin da ke Bayan Injin Iska

Shekara ashirin da shida Dogara da Manasseh suka yi suna fentin mota a rumfa ɗaya a Sabon Gari, kuma duk tsawon shekarun nan Dogara bai fasa kiran abokinsa malalaci ba. Kullum yamma idan aka zo tattara kaya sai a nemi Manasseh a rasa. Can za ka hango duga-dugansa a bayan injin iskar da ke hura musu fenti, ya durƙusa, ko me yake yi oho. Dogara ya ce hutu yake sata. Manasseh bai taɓa musu ba, dariya kawai yake yi.

A farkon damina Manasseh ya kwanta ciwo, kwana huɗu ya rasu.

Bayan wata biyu matarsa Magdalena ta sa aka turo tsohon Keke Napep ɗinsa. Ta ce shi kaɗai ya bar mata, tana so a yi masa sabon fenti ko ta samu mai ja, su ci abinci. Dogara ya yi mata alkawari zai fito kamar maigidanta ne ya fesa da hannunsa.

Ya fesa, fenti ya yi ƙuraje. Ya goge ya sake, haka dai. Ya zagi fentin, ya zagi mai sayar da shi, ya haɗa har da damina, don Dogara ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Magdalena ta zo ta duba keken, ta shafa ƙurajen, ta juya ta tafi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya kira Shamsuddeen mai gyaran injin iska. Mutumin ya ƙwanƙwasa tankin, ya tambaya yaushe rabon da a zubar da ruwan ciki. Dogara ya ce wane ruwa kuma, ai iska ce a ciki. Shamsuddeen ya yi masa bayani cewa iskar da injin ke matsawa tana da laima, ita ke zama ruwa ta taru a ƙasan tanki, in ba a buɗe ɗan famfon ƙasa kullum ba sai ruwan ya bi tiyo ya shiga fenti. Ya miƙa hannu ya murɗe famfon. Ruwa mai datti ya yi ta zuba har ya kusa cika bokiti.

"Amma tankin bai yi tsatsa ba, Baba," in ji shi. "Wani ya daɗe yana kula da shi."

Ya ce akwai 'yar na'ura mai agogo da ke buɗewa da kanta ta fesar da ruwan, ba sai kowa ya durƙusa ba. Dogara ya ce a sa. Ya zagaya baya don ya gyara masa wuri, sai ya ga wani tsohon kwali a shimfiɗe, ya yi baƙi da mai, ya lotsa a wuri biyu daidai gwiwoyin mutum. Ya daɗe yana kallonsa, hawaye na zubo masa.

Da aka sa na'urar ya sake fesawa, keken ya fito sumul, yana ƙyalli. Magdalena ta shafa jikinsa ta ce kamar dai Manasseh ne ya yi. A bayansu na'urar ta yi huci sau ɗaya ta yi shiru.

"Da ma can shi ne yake yi, Magdalena," in ji Dogara. "Ni fesawa kawai nake."