Mutum Na Bakwai

Shekara talatin da takwas ina zama a kujera ɗaya, a bakin ɗakin taro na 'Yan'uwa Masu Haɗa Ganga, riƙe da takobin da ko man shanu ba zai yanka ba. Aikina in tsare ƙofa daga waje har a tashi. Mai gadi ɗan'uwa ne, in ji doka, amma ba ya shiga taro.

Kakanninmu suka gina gidan a 1871, zamanin da kifi ya yi yawa a gaɓarmu ta gabashin Scotland, kowa na neman gangar zuba kifi. Suka ɗora ɗakin taro a sama, ba taga ko ɗaya, sai gilashi a rufi, wai kada a leƙa asirinsu. Matakala ashirin da bakwai. Ba su san ana tsufa ba.

Ran Asabar ɗin da za a yanke shawarar sayar da gidan, mutum shida suka hau, suna yi suna hutawa. Doka kuwa sai bakwai, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Ba na ɓoyewa, na ji daɗi. Muddin ina waje, gidan yana nan.

Can sai shugabanmu Lachlan Petrie ya buɗe ƙofa.

"Murdo, ajiye ƙarfen nan ka shigo."

"In bar wa wa ƙofar?"

"Haba ɗan'uwa, wa ke son asirinmu? Ko kyauta muka raba, ba mai ɗauka."

Daga ciki abokina Dod Buchan ya ɗaga murya. "Shigo mana, tsohon banza! Gwiwar nan ba za ta sake hawa ba. Ko jira kake a sauko da ni cikin akwatin gawa?"

Da dariya ya faɗa, amma har inda nake ina jin yadda yake haki.

Na shiga. Na sha share ɗakin nan, na sha zubar da bokitan yoyo, amma ban taɓa ganinsa da mutane ba. Kujera tamanin, tsofaffi shida cikin rigunan sanyi, kowa ya gaji. Raina ya ɓaci, sai dai na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na zauna kusa da Dod.

Lachlan ya ce, "Wanda ya yarda a sayar, ya ɗaga hannu."

Hannaye shida suka tashi. Nawa yana kan cinya. Ba wanda ya dube ni. Hannun Dod ya fara rawa, ya sa ɗayan ya tallabe shi, yana jira.

Na ɗaga nawa don ya samu ya sauke nasa.